Ba Malam Sabi'u Ne Ya Sa Yara Hadda Ba

Ni na yi laifin, ba Malam Sabi'u ba. Da wannan nake so in fara tun kafin in yi masa addu'a, domin a watan nan ya cika shekara bakwai da rasuwa, kuma duk tsawon shekarun nan sunansa na ɗauke da tabon da ni na shafa masa. A garinmu, wani ƙauye da ke tsakanin Kankia da Kusada, an daɗe ana cewa shi ne malamin da ya sa yara suka haddace littafi don a ruɗi baƙuwa. Bai yi ba. Ni na yi, na kuma ja bakina na yi shiru.

Sunana Lawali, tela ne ni. Karatuna bai wuce firamare da na allo ba. Ni da Sabi'u tare muka yi kiwon tumaki, tare aka kai mu makaranta rana ɗaya. Shi ya wuce kwalejin horon malamai, ni na zauna gaban keken ɗinki. Da ya dawo aka ba shi aji huɗu a firamaren garinmu, sai na bi sahun mutane ina kiransa Malam, shi kuwa bai taɓa daina ce mini Lawali ba. Mutum ne da ba ya wuce rubutu bai karanta ba. In aka ƙunso masa ƙosai a takarda, sai ya juye ƙosan a faranti ya miƙe takardar ya karanta tukuna, mu muna jira yunwa na cin mu. Ba shi da sauri a komai, tafiya ko magana ko fushi.

Shekara tara kafin rasuwarsa, hedimasta ya samu saƙo cewa wata marubuciyar littattafan yara za ta ziyarci makarantu a yankinmu, kuma tamu na ciki. An ma riga an aiko mana da ɗaya daga cikin littattafanta, labarin wata akuya da ta faki idon mai ita ta hau motar kasuwa. Ba zan ambaci sunan baiwar Allah ba tunda ban nemi izininta ba. A lokacin ni ne shugaban kwamitin iyayen yara, kuma ina jin kaina sosai da wannan muƙamin.

Hedimasta ya damƙa shirin a hannun Malam Sabi'u, shi kuma ya ce rana ɗaya ta yi kaɗan, mako guda za a yi ana karatu kafin baƙuwa ta iso. Abubuwan da ya shirya ban taɓa ganin irinsu ba. Ya sa yara suka yanka kwali suka rubuta sunan kowane abu suka manna masa: ƙofa, randa, taga, bishiyar darbejiyar da ke tsakar makaranta. Har jakin mai kawo ruwa suka rataya wa nasa, ya juya ya cinye kafin a tashi. Ya haɗa 'yan aji shida da 'yan aji ɗaya, babba ya karanta wa ƙarami a inuwa. Ya ce kowane ɗan aji huɗu ya je wurin kakarsa ta ba shi tatsuniya, ya rubuta da hannunsa, ya yi zane a gefe. Tsofaffin garinmu sun sha naci a makon nan. Wata ta aiko wa Malam cewa tatsuniyoyinta sun ƙare, ya janye mata jikokinta ta samu ta yi surfe.

Takardun tatsuniyoyin nan ni ya kawo wa. Ya zube su a kan teburina ya ce in bi tsakiyarsu da keke su zama littattafai. Na ɗinka, amma ina ɗinki ina duba rubutun, raina na ɓaci. Wani ya rubuta kalma ya manta rabinta, wani layinsa ya gangara kamar zai faɗo daga takarda. Washegari na leƙa ajinsa na ji yadda suke karanta littafin akuyar. A, ku, ya. Su tsaya, su koma baya, su sake. Na ja shi gefe na ce, "Malam, wanga abu za mu nuna wa baƙuwa? Ga kuma jami'i zai zo daga ofishin ilimi. Ai sai a yi mana dariya har Katsina."

Ya ce, "Lawali, yaron da ka ji yana tuntuɓe, duba takardar yake yi. Shi nake so ta gani. Ta rubuta littafi ne don irinsu, bari ta ji yadda yake fita daga bakinsu."

Ban gamsu ba. Mu yadda muka tashi, in baƙo zai zo, tabarmar da ta yage naɗe ta ake a kai ƙurya, a shimfiɗa sabuwa. Kuma a makarantar allo da na sani, yaron da ya kawo hadda ba gargada shi ake yi wa kirari. Sai na haɗa waɗannan biyun na ga kamar na samo dabara. Na zaɓi yara shida masu kaifin ƙwaƙwalwa, na ce su riƙa zuwa shagona bayan la'asar. Ina karanta musu shafi uku na farkon littafin, suna maimaitawa, kamar yadda malaminmu na allo ya yi mana. Na koya musu su ɗora yatsa a kan layi suna jan shi, su kuma juya shafi a daidai wurin. Na ce kada wanda ya gaya wa Malam, mamaki za mu ba shi. Wadda ta fi su duka ita ce Rakiya, ɗiyar maƙwabcina, 'yar shekara tara. Muryarta garau, kuma sau biyu kawai take jin abu ta riƙe. Abin da ban tsaya na bincika ba shi ne, a cikin su shidan ita ce ta fi rauni a ainihin karatun. Baƙaƙen ma ba ta gama rarrabe su ba.

Ranar ta zo. An share fili, an jera bencina a ƙarƙashin darbejiya, iyaye maza a gefe, mata a gefe. Wasu yara sun yi shigar mutanen cikin labarin, da direba da kwandasta da mai akuya, wani ma ya ɗaura kunnuwan kwali ya zama akuyar. Baƙuwar ta iso da hantsi, mace mai matsakaicin shekaru, ba ta da girman kai ko kaɗan. Lasifika a hannuna take, ni ke kiran abin da za a yi. Da aka zo wurin da Malam ya tsara yaransa su fito ɗaya bayan ɗaya, sai na tsallake takardar da ya ba ni, na kira nawa shidan. Na ga ya ɗago kai ya dube ni, na kawar da fuska.

Rakiya ta fara. Kai, abin ya yi daɗin ji. Tana zubo shi kamar ruwa daga buta, yatsa na tafiya, shafi na juyawa. Mata suka yi guɗa. Ni kuwa ƙirjina ya cika. Baƙuwar ta ji daɗi har ta taso daga kujerarta ta zo ta zauna a tabarma kusa da yarinyar. Ta karɓi littafin ta buɗe can tsakiya, ta ce, "'Yata, ni wurin da na fi so shi ne inda akuyar ta sauka a kasuwa. Karanta mana nan." Ba gwaji take yi ba, na rantse, sha'awa ce kawai.

Rakiya ta ɗora yatsa a kan sabon shafin. Sannan ta soma daga farkon labari, da safiyar da mai akuya ya manta bai ɗaure ta ba, alhali hoton da ke gabanta kasuwa ce cike da mutane. Yaran aji shida ne suka fara ƙyalƙyalewa, sannan dariya ta bazu. Wani dattijo a bayana ya ɗaga murya ya ce, "Af, ashe hadda ce! Malam ya mai da boko allo." Duk idanu suka koma kan Malam Sabi'u. Jami'in ofishin ilimi ya ciro biro ya rubuta wani abu. Lasifika na hannuna. Kalma biyar sun isa in wanke shi. Na kashe ta na ajiye a kan tebur.

Abin da Malam ya yi a lokacin shi ne dalilin da ya sa nake wannan rubutu. Bai dube ni ba. Ya tashi da tafiyar nan tasa ta marar sauri, ya ce da murya daidai yadda kowa zai ji, "Ɗalibata ce, abin da ya same ta a wuyana yake." Ya je ya zauna a ɗaya gefen Rakiya, wadda hawaye ya riga ya jiƙa mata hijabi. Ya kama yatsan nata ya mayar da shi kan kalmar farko ta shafin. Ya ce, "Wannan baƙin mi ne? Kin san shi, yana cikin sunanki." Ta faɗa. "Na gaba fa?" Haka suka bi layi ɗaya tak, baƙi bayan baƙi. Ban san minti nawa aka ɗauka ba, ni dai na ji kamar an yini. Dariya ta mutu da kanta. Baƙuwar ba ta motsa ba, ba ta kuma taya su ba, jira kawai take. Da yarinyar ta kai ƙarshen layin ta haɗa shi da kanta, sai matar ta rungume ta.

Daga nan Malam ya kira sauran yaransa, masu tuntuɓen nan da na so in ɓoye, kowa da ɗan littafinsa na tatsuniyar kaka. Baƙuwar da aka ce awa ɗaya za ta yi, sai da ta yi azahar a garinmu. Tana tambayar kowane yaro wace kaka ce ta ba shi labarin, tana sa a nuna mata tsohuwar a cikin taro. Ta juya wani littafin ta duba bayansa ta ce wa ya yi wannan ɗinki mai kyau haka. Malam ya nuna ni ya ce, "Ga shi can, aminina ne, shi ya ɗinka mana duka." Aka tafa mini. Ban taɓa jin tafi mai zafi irin wannan ba.

Da a nan abin ya tsaya, da da sauƙi. Bayan mako biyu aka yi taron iyaye, wasu suka taso da maganar, suna cewa an kunyata gari. Aka juyo gare ni a matsayina na shugaba. Na ce, "Wallahi mu ma abin ya ba mu mamaki." Na haɗa da rantsuwa. Malam na zaune a benci na biyu, yana duban ƙasa. Yaran shida kuwa tsoro ya hana su magana, kuma ba wanda ya tambaye su. A ƙarshen zangon aka mayar da shi wata makaranta can wajen Kafin Soli. Ban san ko abin da jami'in ya rubuta ne ya jawo ba, ban kuma isa in ce ba shi ba ne. Shekara uku yana taka keke zuwa can, damina da rani, kafin a dawo da shi.

Rakiya ta ƙi komawa makaranta, domin yara sun laƙaba mata suna, Rakiya Hadda. Kafin a mayar da shi can, kullum da yamma Malam sai ya je zauren gidansu da littafin akuyar, ya zauna da ita a gaban mahaifinta. Shagona na kallon zauren. Ina jin su, a, ku, ya, ni kuma ina taka keken ɗinki da ƙarfi don kada in ji. Bai bar ta ba sai da ta karanta littafin daga bango zuwa bango, ya kuma riƙo hannunta ya mayar da ita aji. Yau tana aure a Kusada, tana sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. An ce matan unguwarsu ita suke kai wa katin asibiti da takardar magani ta karanta musu. Amma sunan bai bar ta ba, har 'ya'yanta sun san shi.

Bai daina zuwa shagona ba. Ni ke ɗinka masa kayan sallah har shekarar da ya rasu. Sau ɗaya kawai ya taɓa kusantar maganar. Ina gwada masa riga, ina riƙe da tef a kafaɗarsa, sai ya ce, "Lawali, kullum kana cewa ba ka da karatu. Ashe kana iya karanta shafi uku ba gargada." Ya yi murmushi. Ƙofa ce ya buɗe mini, na gane sarai. Sai na ce masa ya ɗaga hannu in auna hammata. Ya ɗaga.

Ciwon da ya ɗauke shi bai yi wata biyu ba. Na je duba shi sau da yawa, kullum da niyyar in faɗa, kullum in tarar da mutane in ce sai an watse. Ranar jana'iza liman ya juyo ya ce duk wanda mamaci ya yi wa laifi ya yafe masa. Na buɗe baki tare da jama'a na ce mun yafe. Ni, wai ni ne nake yafe wa Sabi'u.

Nakan zauna in yi tunanin me zai ce da ya ga yau. Yanzu kusan kowane gida akwai waya, kuma yawancinmu ba ma rubuta saƙo, dannawa muke mu yi magana mu tura. Na san zai yi ƙorafi a kan wannan, a hankali, kamar yadda ya saba. Amma na san kuma da ya karɓi wayar ya zaunar da yaro ya ce karanta mini abin da aka rubuta a nan, domin shi bai taɓa raina wurin da rubutu ya fito ba. Zai ji daɗin ganin 'yan mata sun fi yawa a aji fiye da zamaninsa. Zai damu da yadda aji ɗaya ke cika har malami ba ya iya zama kusa da yaro guda. Abin da zai fi faranta masa rai shi ne makon karatun nan bai mutu ba. Ba wata marubuciya da ta sake zuwa garinmu, amma duk shekara bayan an gama kaka, yara na bin kakanninsu da takarda, ana manna wa randa sunanta, manya na karanta wa ƙanana a ƙarƙashin darbejiya. Malaman da ya koyar ne suka riƙe abin. Ni ke ɗinka littattafan har yanzu, kuma na daina jin haushin karkataccen layi. Mutanen da suka iya karatu ta hannunsa suna ko'ina, a kasuwar Kankia, a gonakin Kunduru, a ɗakunan aurensu. Yawancinsu ba su zama wasu manya ba. Sun dai iya duba takarda su san abin da ta ce, ba mai ruɗinsu.

Abin da ya karya mini taurin kai ya faru bana. Jikata ta dawo daga makaranta tana ba uwarta labari, ina jin su daga tsakar gida. Ta ce sabon malaminsu ya gargaɗe su, ya ce kowa ya karanta da gaske, kada a yi masa irin ta Malam Sabi'u. Saurayi ne daga wani gari, bai taɓa ganin Malam ba, a bakin mutane ya tsinci maganar. A cikin makon da Malam ya ƙirƙira, a makarantar da ya ba rayuwarsa, ana ambaton sunansa a matsayin misalin algus. Na ga cewa in na mutu da wannan magana a cikina, shi ke nan ta zauna har abada.

Na je gidansa na yi sallama da mai ɗakinsa, Hajiya Binta. Ta fito zaure, na durƙusa na faɗa mata komai. Ta bari sai da na gama, sannan ta ce, "Malam Lawali, ai tun washegarin ranar ya sani. Yarinyar ta gaya mashi. Na ce ya tona, ya ce in ya tona an wanke shi, amma kai ba ka sake ɗaga kai a garin nan, kuma ba ka sake ɗinka wa yara littafi. Ya ce a bar ka, ranar da ka shirya za ka faɗa da bakinka." Ta gyara mayafi ta ƙara da cewa, "Sai dai ba a zaure aka ɓata mashi suna ba. Inda aka ɓata, can za ka je ka gyara."

Na aika Kusada na roƙi mijin Rakiya ya bar ta ta zo ranar rufe makon karatu. Ta zo da goyo a bayanta. Hajiya Binta ma ta zo ta zauna cikin mata. Da yara suka gama karanta tatsuniyoyinsu, na nemi hedimasta ya ba ni lasifika. Abin da su biyun suka amsa mini daga baya, tsakanina da su ne. Amma abin da na faɗa a gaban jama'a na faɗe shi, kuma ina so ya kai inda muryata ba ta kai ba:

"Jama'a, shekara goma sha shida ke nan kuna cewa Malam Sabi'u ya sa yara hadda. Ni Lawali tela na sa su, a shagona, ba da saninsa ba. Da abin ya tonu na bar shi ya ɗauka, na kuma rantse muku da Allah a kan ƙarya. Rakiya, ke yarinya ce, abin da babba ya sa ki kika yi, kunyar da kika sha tawa ce, ki yafe mani. Hajiya, na bar mijinki ya tafi kabari da laifina a kansa, ki yafe mani, ke da 'ya'yansa. Shi kuwa na makara, ba ni da inda zan same shi. Duk wanda Malam ya taɓa kama wa yatsa ya ɗora a kan baƙi, ina roƙonsa ya taya ni roƙon Allah Ya jiƙansa, Ya kuma sa ranar da za mu haɗu ya yarda ya dube ni."